Jan Zoɓo Ba Jini Ba Ne

'Yar'uwa mai juna biyu, a duk kasuwannin karkara, daga Ɗambatta zuwa Bichi da Kunci, da wuya ki sami abin sha mai araha da daɗi kamar zoɓo. Mai kyau ba ya ɓuya: launinsa ja ne mai duhu, ƙamshin citta da kanumfari na tashi, tsaminsa kuma na furen ne, ba na gari ba. Har ƙasar Meziko ake fitar da wanda ake nomawa a Jigawa, Misirawa kuma suna kiransa karkade.

To amma fa daɗi daban, magani daban. Mata da yawa sun ɗauka tunda ja ne, yana ƙara jini. Ra'ayinmu shi ne, wannan zato yana cutarwa, domin yakan sa mace ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta a wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ayon kullum, tare da folik asid. Ƙullin zoɓo ba zai maye gurbin wannan ba.

Gaskiya ne zoɓo yana ɗan sauke jini. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka, a 2010, ya nuna haka ga masu shan kofi 3 kullum tsawon mako 6. Sai dai ba a kan masu ciki aka yi shi ba. Hawan jinin mai ciki yana iya kaiwa ga jijjiga, don haka ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko gani dishi-dishi, asibiti suke bukata nan take.

Sai kuma batun tsafta. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu sun rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Na leda ba ki san ruwansa ba, ba ki san abin da aka zuba ba.

Saboda haka, in kwaɗayi ya motsa, ki fara tambayar ma'aikaciyar awo. In ta amince, ki dafa naki da tafasasshen ruwa, ki rage sukari, kada ki sa kanwa, ki sha kaɗan.

Maigida, kai ma da naka: wake, zogale, ƙwai, kifi da kuɗin motar zuwa awo sun fi ƙullin zoɓo amfani ga iyalinka.

Allah ya sauke ku lafiya.