FILIN KIWON LAFIYA: Wayar da ke tsai da karkarwa

 

Yau za mu yi magana bisa ciwon karkarwa. Daga Tawa har Damagaram, da wuya a sami gari wanda babu dattijo ko dattijuwa mai wannan lalura. Mutum yana zaune bai taɓa komi ba, sai ka ga hannunsa ɗaya yana rawa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan tasbaha. Tafiya ta koma gajeren taki, yana jan ƙafa, ya duƙa gaba. Fuska ta sandare, murya ta yi ƙasa. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce iskoki, wasu su ce jifa aka yi masa. A sai da akuya, a sai da rago, a kai wa boka, ciwo kuwa yana nan.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. A shekarar 1817 wani likitan birnin Landan, James Parkinson, ya rubuta bayanin mutum 6 da ya gani da shi, don haka ake kiran ciwon da sunansa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da shi sun wuce miliyan 8 da rabi. Ba ya tsoron mai ƙarfi. Muhammad Ali, zakaran damben duniya, da shi ya zauna tun 1984 har rasuwarsa a 2016.

To, ina tushen abin? Hannun da ke rawa lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwa ce ke aiko masa da saƙon da ba daidai ba. Duk motsin da ɗan Adam ke yi, ko ɗaukar ludayi ko taka ƙafa, saƙo ne ke tasowa daga kai, ya bi jijiyoyi kamar yadda magana ke bin wayar tarho. Saƙon kuwa ɗan lantarki ne mai rauni ƙwarai, wanda jiki ke yi da kansa. Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu fitar da wani sinadari, sunansa dofamin, shi ke gyara tafiyar saƙon. Mai wannan ciwo, ƙwayoyin nan nasa suna mutuwa sannu sannu. Kafin a ga hannu ya soma rawa, wajen rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Da masana suka kai waya cikin kan marasa lafiya suka saurara, sun ji abin mamaki. In ƙwaƙwalwa tana lafiya, ƙwayoyinta kamar ƴan kasuwa suke, kowa da cinikin da yake yi. In dofamin ya yi ƙaranci, sai su haɗu bisa bugu ɗaya, sau 13 zuwa 30 cikin daƙiƙa guda, kamar mata masu lugude. Lugude yana da daɗin ji a tsakar gida, amma in ya yi ƙarfi, ko an kira ka daga zaure ba za ka ji ba. Haka umurnin motsi ke ɓacewa cikin wannan bugu. Mutum yana son tashi, ƙafa ba ta ji kiran ba.

A 1967 wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna yadda za a riƙa ba da ƙwayar magani mai suna lebodofa, wadda ke komawa dofamin in ta isa ƙwaƙwalwa. Mutanen da suka daɗe kwance suka tashi suka taka. Har gobe ita ce uwar magungunan wannan ciwo. Sai dai bayan wasu shekaru aikinta yana gajarta ga mutane da yawa. Ƙwaya ta sake su kafin lokacin shan wata ya yi, ko kuwa ta sa jiki ya riƙa murɗewa da kansa.

Nan ne labarin waya ya shigo. A da, in karkarwa ta gagari magani, likitoci sukan huda ƙoƙon kai su ƙone wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa mai suna talamus. Kafin su ƙone, sukan gwada wurin da ɗan lantarki, maras lafiya yana farke, don kada su ƙone inda bai kamata ba. (Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafin taɓawa, fatar kai kawai ake kashewa da allura.) A 1987, a garin Garnobul na ƙasar Faransa, likita Alim-Louis Benabid, wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne, yana cikin irin wannan gwaji sai ya ƙara saurin bugun lantarkin ya wuce sau 100 a daƙiƙa. Hannun maras lafiya ya tsaya cik. Ya kashe lantarki, rawa ta dawo. Ya kunna, ta tsaya. Sai ya ga ashe ba sai an ƙone ba. Abin da aka ƙone ba ya dawowa, amma waya ana iya ƙara mata ƙarfi, a rage, ko a kashe ta. A 1993 shi da abokin aikinsa Pierre Pollak suka kai wayar wani wuri ƙarƙashin talamus wanda bai kai ƙwayar wake girma ba, suka ga har sandarewar jiki da nauyin motsi suna raguwa.

Ga yadda na'urar take. Siririyar waya, kaurinta kamar tsinken tsintsiya, ana cusa ta har wurin da ake so, sau da yawa ɗaya dama ɗaya hagu. Igiyarta tana bi ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ta gangara wuya zuwa ƙirji. Can ake binne ɗan akwati kamar kwalin ashana mai batir a ciki. Shi ke aika bugu wajen sau 130 kowace daƙiƙa, dare da rana, ya watse luguden nan. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5 a sake shi, akwai kuma wanda ake caji ta bisa fata, mai kai shekara 15.

Kwanan baya an ƙara gaba. Tsohuwar na'ura kurma ce, bugu kawai take yi, ko mutum yana barci ko yana tafiya. A 2013 masana a Ingila suka gwada wadda ke sauraren ƙwaƙwalwa tukuna. In ta ji lugude ya tashi sai ta ƙara ƙarfi, in ya lafa ta sassauta. A farkon 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin aiki da irin wannan, ƙirar kamfanin Medtronic.

Amma kada wani ya ji wannan labari ya kama neman mai sayen gonarsa. Waya ba ta warkar da ciwon. Ƙwayoyin da suka mutu ba su dawowa, ciwo yana ci gaba da tafiyarsa a ɓoye. Ba ta cika taimaka wa magana, ko mantuwa, ko yawan faɗuwa ba. Aikin yana da hatsarinsa, jini yakan zuba cikin kai ko wurin ya ruɓa, ko da yake ba sau da yawa ba. Kuɗinsa miliyoyin sefa ne, kuma dole a zauna kusa da likitan da ya iya saita na'urar. Su kansu Turawa galibi ba su yin aikin sai ga wanda lebodofa ta yi wa amfani shekara da shekaru tukuna.

Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne a ga shaida. Ciwon da ake kunna waya ya tsaya, a kashe ya dawo, ciwon jiki ne, kamar hawan jini. A ganinmu, babbar asarar karkararmu ba ta rashin waya ba ce, ta rashin ƙwayar nan ce da aka sani tun 1967, wadda dattawa da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Wanda ya ga alamun da muka faɗa ga tsohonsa, ya kai shi gidan likita mafi kusa, a ba shi takarda zuwa babban asibiti, Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai. Kada a saye ƙwayar ga ƴan tebur. Ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba. Akwai ta gado, mai tashi sa'ad da mutum ya ɗauki kofi, akwai ta ciwon maƙoƙo, akwai ta giya, akwai wadda wasu magungunan taɓin hankali ke kawowa. Likita ne ke rarrabewa. Wanda kuma aka ɗora bisa lebodofa, kada ya yanke sha farat ɗaya, akwai hatsari.

Kada a ɓoye shi cikin ɗaki don kunya. Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci ƙwarya ɗaya. A bar shi ya taka zuwa masallaci da kasuwa, domin motsa jiki yana taimaka masa, a yi haƙuri da jinkirinsa.

Ku kuma manoma masu feshin maganin ƙwari, ku rufe hanci da hannu, ku wanke jiki bayan aiki. Tun 2012 gwamnatin Faransa ta sa wannan ciwo cikin cututtukan da aikin feshi ke iya jawo wa manomi, har ana biyan diyya.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa farfaɗiya.