Hawan Keke A Tsaunukan Biyetnam Da Mutanen Da Ake Zuwa Kallo

Mai karatu, akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ya yi kasuwa ƙwarai a 'yan shekarun nan, wanda kamfanoni ke tallarsa da zaƙin baki. Wai ka hau keke ka ratsa tsaunuka masu nisa, ka kwana a ƙauyukan ƙananan ƙabilu, ka ga rayuwar da zamani bai taɓa ba. Ɗaya daga cikin wuraren da abin ya fi ƙarfi shi ne arewacin ƙasar Biyetnam, can kan iyakarta da ƙasar Sin. Rabin farko na wannan talla, wato hawan keken, ba ni da ja a kansa ko kaɗan. Rabi na biyun ne ke tsaya mini a rai, kuma shi nake so mu ɗan tattauna, domin kamar yadda za ka gani can gaba, mu ma muna da kaso a cikin maganar.

Bari mu fara da wurin kansa. Gwamnatin Biyetnam ta amince da ƙabilu 54 a ƙasar. Ƙabilar Kinh, wadda ita ce ta cika birane da kwaruruwan noman shinkafa, ta kai kimanin kashi 85 cikin ɗari a ƙidayar 2019. Sauran 53 ɗin, da yawansu a kan tsaunuka suke. Idan ka bar Hanoi ka yi arewa kimanin kilomita 300 za ka isa garin Ha Giang, wanda ya kasance hedkwatar lardi mai wannan suna har zuwa 2025, lokacin da aka haɗe lardin da na Tuyen Quang. Daga nan hanya ke fara hawa, ta bi ta Quan Ba da Yen Minh, ta kai Dong Van, ta ƙare a Meo Vac. Ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu masu tsini, wadda a 2010 aka shigar da ita jerin wuraren duwatsu masu daraja na duniya da UNESCO ke mara wa baya. Mafi yawan mazaunanta 'yan ƙabilar Hmong ne, sai Dao da Tay da Giay da Lo Lo, waɗannan na ƙarshen ma ba su kai mutum dubu biyar ba a duk faɗin ƙasar.

Dutsen wurin irin mai shanye ruwa ne, ko an tafka ruwan sama sai ya zurare ƙarƙashin ƙasa, don haka da rani ruwan sha kan yi wuya, har gwamnati ta riƙa gina musu tafkunan siminti a gefen tsauni. Filin noma kuwa babu. Manomin Hmong kan goyo ƙasa a kwando ya zuba a ramukan da ke tsakanin duwatsu, ya shuka masara ƙwaya biyu ko uku a kowane rami. Abincinsu na yau da kullum garin masara ne da ake turarawa, suna ce masa men men, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ce ai dambu ne. Matansu na saƙa da zaren wani tsiro mai kama da rama, su zana ado da kakin zuma a kan ƙyallen, sannan su tsoma shi a baba, kamar dai yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata.

Ita kanta hanyar da masu keken ke bi tana da tarihi. An fara ta a 1959, aka gama a 1965, tsawonta kimanin kilomita 185, kuma da guduma da diga da ƙarfin damtse matasa 'yan sa-kai suka fasa ta. A mashigin Ma Pi Leng, tsakanin Dong Van da Meo Vac, inda dutse ya miƙe kamar bango kuma kogin Nho Que ke can ƙasa kamar koren zare, sai da ma'aikata suka shafe watanni suna rataye da igiya suna sarar dutse. Wasu a nan suka rasa rayukansu. Sunan da aka raɗa mata shi ne Hanyar Farin Ciki, kuma wanda ya san cewa kafin ta sai an yi kwanaki a ƙafa ko a kan doki kafin a kai mara lafiya gari, ba zai ce an yi zuƙu a sunan ba.

To me ya sa na ce ba ni da ja da keke? Saboda keke ba ya ƙarya. Mafi yawan baƙin da ke zagaya wannan yanki a kan babur suke yi, galibi ma goyo ake yi da su, cikin kwana uku ko huɗu sun gama sun koma. Mai keke kuwa, idan ya kama hawa ya sa ƙaramar giya, tafiyar tasa ba ta wuce ta mai sauri a ƙafa da wani abin kirki ba. Tsohuwar da ta goyo ciyawar shanu tana iya jerawa da shi, ta ga yadda yake haki, ta yi masa dariya. Idan tayarsa ta yi faci ko sarƙa ta tsinke, a ƙofar gidan wani zai tsaya. Idan ruwansa ya ƙare roƙa zai yi. A gangare kuma, hazo ya rufe, birki ya yi zafi, tsoron da ke zuciyarsa shi ne tsoron da 'yan wurin suka sani tun suna yara. Wannan wahala tana rage girman kai, tana mai da baƙo mabuƙaci, kuma mabuƙaci ya fi mai kallo ta tagar mota ladabi. Har ciniki ma ya fi yi, domin mai tuƙa keke a tsauni cin abinci yake kamar gara, kuma ba ya iya tsallake ƙananan ƙauyuka ya je ya kwana a babban otal.

Amma fa a lura, akwai keke akwai keke. Yawancin tafiye-tafiyen da kamfanoni ke sayarwa, mota na biye da ayarin a baya ɗauke da jakunkuna da ruwan gora da bakanike. Wanda ya gaji sai ya shige mota. Kuɗin an riga an biya shi a Hanoi ko a Turai. Abin da ke isa ƙauyen bai wuce kuɗin kwana ɗaya da na abincin dare ba. A irin wannan tsari, ƙauye zango ne a cikin jadawali, an rubuta ƙarfe kaza a isa, ƙarfe kaza a ɗauki hoto, ƙarfe kaza a wuce.

Kalmar nan ta "rayuwar da zamani bai taɓa ba" ita ce tushen ɓarnar. Baƙon da ya biya kuɗi don ya ga abin da zamani bai taɓa ba, zai ji haushi idan ya tarar da rufin kwano da wayar salula da yarinya sanye da rigar makaranta. Wato abin da mai gida ke murna da samunsa, shi ne abin da ke ɓata wa baƙo hoto. Kuma da yake mai kuɗi shi ke da kasuwa, a hankali sai ƙauye ya koyi nuna masa abin da yake son gani. A gangaren Tham Ma, kan wannan hanya, za ka ga yara ƙanana an yi musu kwalliyar gargajiya, sun goyo kwandunan furanni, suna jiran a tsaya a ɗauki hoto da su a ba su 'yan canji. Yaron da ya gano cewa tsayuwa a bakin titi ta fi zaman aji kawo kuɗi, wa zai mai da shi makaranta? Hukumomin yankin kansu sun sha roƙon baƙi da su daina ba yara kuɗi da alewa, amma hannu mai miƙa kyauta yana jin daɗin kansa, ba ya son a ce masa yana ɓarna.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa, ya dubi Sapa, can yamma da Ha Giang. Faransawa 'yan mulkin mallaka ne suka fara mai da shi wurin shan iska a farkon ƙarni na 20. A 2014 aka buɗe babban titi daga Hanoi zuwa Lao Cai, tafiya ta ragu da kusan rabi. A 2016 aka buɗe motar igiya mai kai mutum kusa da ƙololuwar Fansipan, tsauni mafi tsawo a ƙasar mai fiye da mita 3,100, cikin mintuna ƙalilan, alhali da kwana biyu ake yi ana hawa. Otal-otal suka tashi, kuma masu su mafi yawa 'yan kwari ne masu jari. Ƙauyen Cat Cat na 'yan Hmong da ke gindin garin kuwa, sai da tikiti ake shiga, a ciki a ba ka hayar tufafin "gargajiya" ka sa ka yi hoto, tufafin da akasari ɗinkin masana'anta ne, ba su haɗa komai da saƙar matan wurin ba. Matan da kakanninsu suka sassaƙa gonakin shinkafa hawa-hawa da ake zuwa kallo, su ne ke bin baƙi a titi da 'yan jakunkuna da awarwaro suna roƙon a saya.

Akwai tambayar da masu rubuta labaran irin wannan tafiya ba su cika yi ba: me ya kai mutanen nan kan dutse tun asali? Wa zai bar kwari mai ruwa ya je ya goyi ƙasa a kwando don sha'awa? Su Hmong daga kudancin ƙasar Sin suka gangaro, musamman daga ƙarni na 18 zuwa na 19, suna gudun yaƙe-yaƙe da matsin daular Qing. Wani malamin jami'ar Yale ta Amurka, James C. Scott, ya fitar da littafi a 2009 inda ya kafa hujja cewa yawancin mutanen tsaunukan kudu maso gabashin Asiya da gangan suka hau, don su tsere wa haraji da aikin tilas da bauta na masarautun kwari. Masana sun yi ta gardama a kan ko ya zarce da faɗi, amma ko rabin maganarsa aka ɗauka, ta isa ta sauya yadda mutum ke kallon ƙauyen kan dutse. Nisan nan da baƙo ke yabawa, garkuwa ce da aka biya da tsada.

A nan ne maganar ta iso gida. Mu Hausawa da Fulani da Barebari, a tarihin yankinmu, mu ne 'yan kwari. Mutanen tsaunukan Mandara, tsakanin Nijeriya da Kamaru, sun san dalilin da ya sa kakanninsu suka riƙe kan dutse. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da ya yi daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen dutse da adadin waɗanda aka kamo. Yau Sukur, ɗaya daga cikin garuruwan da suka sha wannan wuya, tana cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999. A 1986 kuma jaridu suka yi ta yayata cewa wai an "gano" mutanen Koma a tsaunukan Alantika na tsohuwar Jihar Gongola, sai ka ce ɓatattun awaki, aka riƙa buga hotunansu ana mamaki. Ka duba littattafanmu na hikaya ma, idan marubuci na son wurin da jarumi zai faɗa hannun mugaye, sau nawa yake kai shi wani ƙauyen kan dutse, wurin mutanen da bai ba su suna ko harshe ko dalili ba? Saboda haka idan na zargi Baturen da ke ɗaukar hoton yarinyar Hmong ba tare da ya tambaye ta ba, da ido ɗaya nake kallon namu alƙaluman.

Wani zai ce to Malam, sai a daina zuwa ke nan, a bar su da talaucinsu? A'a. Kuɗin baƙi ya gina ɗakuna, ya biya kuɗin makaranta, ya hana wasu matasa tsallakawa Sin neman aikin ƙarfi, kuma mutanen wurin ba su ce a daina zuwa ba. Abin dubawa shi ne a hannun wa ragamar take. A Sapa wata 'yar Hmong mai suna Shu Tan, wadda ita ma tun tana yarinya ta yi tallar kaya ga baƙi a titi, ta kafa Sapa O'Chau, inda 'yan ƙabilar ke yin jagora da kansu, ribar kuma ta tafi karatun yara. A ƙauyen Lung Tam kusa da Quan Ba, mata sun haɗa ƙungiyar masaƙa, su ke sa kuɗin kayansu, baƙo ya zauna ya ga yadda ake murza zare kafin ya saya. A irin waɗannan wurare mai gida ne ke cewa ga abin da za ka gani, ga ɗakin da ba a shiga, ga ginshiƙin tsakar gida da ba a jingina da shi. Baƙo ya koma matsayinsa na baƙo.

Kuma mai keke ya fi kowa damar yin haka, in ya so. Ya ɗauki jagora ɗan wurin mai jin harshen Hmong, don da yawa daga tsofaffin matan ƙauye ba sa jin harshen Biyetnam sosai. Ya daidaita tafiyarsa ta faɗo ranar Lahadi a Meo Vac ko Dong Van, ranar da kasuwa ke ci, mutane su sauko tun da asuba da shanu da aladu da masara don harkar gabansu, inda babu wanda ya yi kwalliya dominsa. Ya guji watannin damina, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da ƙasa ke zaftarewa ta rufe hanya. In ya ga ƙofar ƙauye an kafa mata ganye ko wata alama ta saƙaƙƙen gora, ya san ana wata hidima da ba a son baƙo, ya juya kan kekensa. In kuma ya dawo zai rubuta labari, to ya gaya mana sunan ƙauyen, da abin da mai masaukinsa ya ce game da kuɗin takin zamani da nisan asibiti, da nawa ya biya kuma hannun wa kuɗin ya shiga.