WAƘA SHAIDA CE, MASU SHAIDAR ZUR SU JI TSORON ALLAH

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan boko da wasu masu wa'azi, wai waƙa ba komai ba ce face roƙo da ƙarya da aka yi wa kwalliya. In kana neman gaskiyar abin da ya faru, in ji su, ka nemi littafin tarihi ko rahoton gwamnati. Mu da ake kira marubutan adabin kasuwa mun saba da irin wannan gori, an daɗe ana ce mana maƙaryata. Amma a ce wa waƙa haka, kuma a bakin mutumin da ya san Zariya? Wannan kam ba ta sabuwa.

Bari mu fara da masu kafa hujja da addini. Kullum sai su jawo ƙarshen Suratush Shu'ara inda aka zargi mawaƙa, su tsaya nan, su ƙi ƙarasawa zuwa inda aka ware muminai daga cikinsu. Shin Hassanu ɗan Sabitu ba mawaƙi ba ne a gaban Manzon Allah (SAW)? Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da me suka isar da karatu ga makiyayi da matar da ke cikin kulle? Da waƙa ne.

To, mu dawo cikin ganuwar Zazzau, inda nake da shaidu biyu, ɗaya sarki, ɗaya makaho.

Sarkin shi ne Aliyu Ɗan Sidi, na gidan Mallawa, wanda ya hau gado a 1903 bayan Turawa sun tuɓe Kwasau. A zamaninsa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, ta ratsa ƙasar Zazzau, ta isa Kano a 1911. Ka buɗe takardun Turawa, za ka tarar da tsawon hanya da kuɗin da aka kashe da ranar da jirgi ya iso. Su wa suka haƙa ƙasar? Talakawa ne da aka ɗebo daga gonakinsu ta hannun sarakuna da hakimai, ko suna so ko ba sa so. Shi ya sa har yau in Bahaushe ya ce "aikin diga", wahala yake nufi. Sarki Aliyu ya tsara Waƙar Diga, ya ajiye mana labarin da harshenmu, daga bakin wanda abin ya faru a ƙasarsa.

Na san za a ce, ai shi ma da hannunsa a ciki, tunda Turawa ne suka naɗa shi, kuma ta ƙofarsa umarni ke bi. Haka ne. Amma wannan shi ya ƙara wa shaidarsa nauyi, domin na cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Yana da rawani, yana da dogarai, amma abin da ke cinsa a rai bai sami inda zai sauke shi ba sai cikin baiti. Duk wanda ya karanta Tabarƙoƙo ya san irin habaici da gugar zanar da ke cikinta ba na mutumin da hankalinsa ke kwance ba ne. A ƙarshe Turawan suka tuɓe shi a 1920, suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Sarauta ta bar gidan Mallawa shekara 100 cur, ba ta dawo ba sai 2020 da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. A duk tsawon wannan lokaci waƙoƙin ba su bar bakin mutane ba. An iya tuɓe sarkin, an kasa tuɓe mawaƙin.

Shaida na biyu shi ne Malam Aliyu Namangi, wanda ya rasu a 1990. Ba ya gani, ba shi da sarauta, amma ya bar mana Imfiraji. A ciki akwai begen Annabi, akwai mutuwa da kwanciyar kabari, akwai kuma halayen mutanen zamaninsa, ya zayyana su tamkar mai ido huɗu. Makafi suka haddace ta, suka bi da ita ƙofa-ƙofa da tasha-tasha, ta shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Har keke da ya zo a matsayin baƙon abu sai da ya yi masa waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta ba shi digirin girmamawa. Ke nan masu littattafan ne da kansu suka sunkuya wa makahon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Masu zagin waƙa ba su da gaskiya, amma wa ya ba su sandar dukan? Mawaƙanmu ne na yau, da yawa daga cikinsu. Da kakar zaɓe ta kama sai situdiyo ta cika maƙil. Wanda aka kira ɓarawo bara, bana shi ne adali, don kawai ya miƙa makullin mota. Wannan a kotu sunansa shaidar zur, kuma ba ya canza suna don an sa masa fiyano. Ban ce yabo haramun ne ba, makaɗan fada sun yi shi tun kaka da kakanni. Amma in duk bakin da Allah Ya ba fasaha ya koma haya, wa zai faɗi abin da ya sami talaka?

Kuma ba a rasa abin faɗa ba. A Disambar 2015 jini ya kwarara a Zariya, har jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami guda. Ko wace aƙida kake bi, ka san kowane ɗaya a cikinsu akwai uwar da ta haife shi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu mai shekara kusan 190, ya rufta wa masallata ana sallar La'asar. Jarida ta ba da adadi, ta wuce zuwa labarin gobe. Adadi ba ya gaya maka yadda matar da ta ɗora tukunya take jiran mai gida ya dawo daga masallaci. Wannan aikin mawaƙi ne, in ya ƙi yi babu mai yi masa.

Saboda haka kirana biyu ne. Ku masu cewa waƙa ƙarya ce, ku nemi Imfiraji ku karanta kafin ku sake buɗe baki. Ku kuma matasa masu baiwar tsara baiti a Kwarbai da Ƙofar Doka da Babban Dodo, ku tuna jikokinku za su bincika abin da kuka bari don su san yadda aka rayu a wannan zamani. In ba su tarar da komai ba sai kirarin 'yan takarar da aka manta da sunayensu, to kun ci amanarsu. Kuma harshen da aka yi waƙar da shi, shi ma zai ba da tasa shaidar ranar da ba a karɓar makullin mota.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya komai ɗacinta. Wassalam.