A ba mu bas mai tashi kan lokaci

'Yan uwa malamai, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama kishiyar tukunyar gidan malami. Wanda ke zaune a Gusau yana koyarwa a Tsafe ko Bungudu ya fi kowa sanin haka. Hanya ɗaya ce ta ratsa garuruwan uku, daga Funtuwa zuwa Sakkwato, ita ke ɗauke da tireloli da Keke Napep da 'yan acaba. Idan hunturu ya kama, hayaƙi ya gauraya da hazo, sai ɗalibai su iso aji suna tari.

A ganina, ya kamata reshenmu ya nemi gwamnatin jiha ta zuba manyan bas-bas masu aiki da iskar gas, da za su riƙa tashi daidai da lokacin shiga makaranta da tashinta. Bas mai cin mutum 50 za ta ɗauke wa titi babura 25 masu goyon mutum bibbiyu. Cunkoso ya ragu, iska ta gyaru, malami ya riga ƙararrawa isa. Mu gabatar da wannan buƙata a taron reshe mai zuwa.