Ra'ayinmu: Littattafan Tallafi Sun Tsufa, Wa Zai Buga Sababbi?

Iyayen da suka sa 'ya'yansu a makarantun firamare na gwamnati a Bauchi da Sakkwato a 'yan shekarun baya ba za su manta da littattafan "Mu Karanta!" ba. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ce ta ɗauki nauyin shirin tare da gwamnatocin jihohin biyu. An buga wa 'yan aji ɗaya zuwa uku littattafan koyon karatu da Hausa, an yi wa malami nasa jagoran, an kuma horar da shi. A Katsina da Zamfara ma an yi shirin RANA da kuɗin Birtaniya ta hannun asusun UNICEF.

Babu mai musun alherin waɗannan shirye-shirye. Yaron da a da sai dai ya bi bakin malami yana maimaita abin da ke kan allo, ya samu littafi a hannunsa, yana bin baƙi da wasali da yatsa a harshen da yake ji a gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nahiyar da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 a kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, kafin watan Yuli ya wuce an rufe USAID. Birtaniya ma ta sanar da rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta. Shi kuwa littafin ɗan firamare ba ya jiran siyasar duniya. Bango ya yage, ruwan damina ya jiƙa, gara ta ci, sannan duk shekara ga sababbin ɗalibai. Aji guda da ba a sake masa littafi ba, yara ne da dama za su kai aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba.

Akwai kuma laifinmu na cikin gida. A makarantu da yawa, ɗan abin da ya rage yana kulle a kabad ɗin hedimasta, don tsoron kada masu duba makarantu su zo su tarar ya lalace. Littafin da ke cikin kwali bai koya wa kowa karatu ba.

Ba rashin kuɗi ne kaɗai matsalar ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma shekara da shekaru biliyoyin naira na zaune, saboda wasu jihohi sun kasa biyan nasu kason kafin su karɓa. Ba kuma baƙon aiki ba ne a gare mu: tun zamanin kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, a Zariya Arewa ke buga littattafan karatunta.

Don haka muna kira ga gwamnoni da hukumomin SUBEB da su sanya buga littattafan aji ɗaya zuwa uku cikin kasafin kowace shekara, kamar yadda ake sanya albashi. Aikin rubutawa da gwadawa an riga an gama shi da kuɗin masu tallafi. Abin da ya rage shi ne a bai wa maɗaba'un Kano da Kaduna da Zariya su sake bugawa. A wallafa adadin da kowace makaranta ta samu, kwamitocin SBMC su ƙirga da idonsu, a kuma bar yara su tafi da littafi gida.

Ku ma iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kafin ku yi wa makarantarku fenti, ku leƙa aji ɗaya ku tambayi malami: yara nawa ke raba littafi guda?