Kwanon Shan Ruwan Kare Da Kyanwa: Amana Ce A Wuyan Mai Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako filin namu zai tsaya ne a kan wata takarda da ta zo mana daga wani ɗan kasuwa a Kano. Ya ce yana da kare mai gadin sitonsa, da kyanwoyi biyu masu kama masa ɓeraye. Ɗansa kuwa ya matsa masa lamba a kan a sayo musu irin mazubin nan na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke ɓulɓulo da ruwa da ƙarfin lantarki. Tambayarsa ita ce, shin wannan ba almubazzaranci ba ne da koyi da Turawa? In kuwa ya halatta, wane iri ya kamata ya zaɓa?

To, Alhaji, mun gode da wannan tambaya, domin ta shafi mutane da yawa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu ajiye kare a gidajensu saboda ɓarayi. Amsa a taƙaice ita ce: shayar da dabbar da ke hannunka wajibi ne, tsabtar abin da take sha a ciki yana cikin wannan wajibi, amma mazubi mai lantarki halal ne kurum, wanda ya saya bai yi laifi ba, wanda ya bari bai rasa lada ba.

Mu fara da asalin maganar. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, duk sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha. Da ya fito sai ya iske kare yana lallage, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishi. Sai ya koma cikin rijiyar ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da karen, Allah kuwa ya gafarta masa saboda wannan aiki. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kan kowane mai rai. Kishiyar wannan ita ce matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Umar. Ta tsare ta, ba ci ba sha, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu.

Sai mu lura da kyau. Karen da matafiyin nan ya shayar ba nasa ba ne, amma ya sami gafara. To, ina ga wanda ya ɗaure nasa da sarƙa, ya kulle sito ranar Alhamis da yamma, bai sake leƙowa ba sai Asabar? A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan kai 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Dabbar da aka ɗaure an toshe mata hanyar nema, saboda haka duk ƙishin da ta ji yana wuyan wanda ya ɗaure ta. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun kai matuƙa a wannan babi. A cikin Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa an bayyana cewa wanda ruwansa ya yi kaɗan, yana kuma tsoron ƙishirwa ta halaka wani mai rai mai alfarma da ke tare da shi, har da karen da shari'a ta yarda a ajiye, sai ya bar masa ruwan, shi ya yi taimama. Addinin da ya ce a bar alwala da ruwa domin kare ya sha ba ya bukatar koyon tausayin dabba daga Turai.

Game da ajiye karen kansa, hadisi ya yi izni ga na farauta da na kiwo da na gona, ya kuma yi gargaɗin tauyewar lada kullum ga wanda ya ajiye shi ba dalili. Malamai da yawa sun riskar da karen gadi ga waɗannan ukun idan bukata ta tabbata. Masu sharhin Risala sun kawo cewa mawallafinta, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, shi kansa ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron miyagu. Kyanwa kuwa ba saɓani a kanta. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma shaida wa matar ɗansa da ta yi mamaki cewa Annabi ya kore najasa daga gare ta.

Dalili na farko da ya sa ya kamata kare ya sami kwanonsa na kansa dalili ne na fiƙihu. Hadisi ya yi umurni da wanke mazubin da kare ya sa baki a ciki sau bakwai. A wurin Malikiyya wannan wanki mustahabbi ne na ta'abbudi, ba domin najasa ba, kuma ba a sa ƙasa. A wurin Shafi'iyya wajibi ne saboda najasa, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ƙasa. Karen da ba shi da ruwa zai bi bokitin wanka da robar wanke-wanke, ya jefa iyali cikin shakka. Wanda ya ware masa kwano ya hutar da gidansa daga wannan duka.

Yanzu sai batun irin kwanon. Abin da muka saba gani shi ne fasasshen kasko, ko gindin jarka da aka yanke, ko gwangwanin fenti. Kasko yana tsotse ruwa ya yi gansakuka. Gwangwani yana tsatsa, kuma saura fenti ko man inji guba ne. Roba kuwa tana karcewa, ƙwayoyin cuta su maƙale a cikin karcen inda soso ba ya kaiwa, shi ya sa likitocin dabbobi kan shawarci mai kyanwar da ƙuraje suka fito wa a haɓa ya raba ta da kwanon roba. Ƙarfen da ba ya tsatsa ba shi da waɗannan aibobi. Baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi masa wata siririyar kariya daga tsatsa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ya shahara da samar da shi a birnin Shafil na Ingila a shekarar 1913. Ko da yake a kasuwa wasu kan kira shi silba, kada wannan suna ya ruɗe mu, ba azurfa ba ce, don haka hanin ci da sha a kwanon zinariya da azurfa bai shafe shi ba.

Mene ne amfanin mai ɓulɓulowar? A cikinsa akwai ɗan ƙaramin injin da ke juya ruwan, yana bi da shi ta cikin matacin soso da gawayi mai riƙe gashi da ƙura da wari. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba da ƙarancin ruwa, saboda haka ba ta cika shan ruwa ba, alhali kuwa ciwon ƙoda da na mafitsara suna yawan kama ta. Wasu kyanwoyin sun fi son ruwa mai motsi, to irinsu mazubin zai amfane su. Wasu kuma ba ruwansu da shi. Likitocin dabbobi suna ƙiyasta bukatar kare da kimanin mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Watau kare mai kilo 20 yana bukatar lita 1 ko fiye, kwatankwacin leda biyu ta ruwan sayarwa, a lokacin bazara kuwa fiye da haka.

In dai Alhaji ya yi niyyar saye, to ga abubuwa biyar da zai duba.

Na farko, ya nemi wanda aka rubuta wa lamba 304, ko 18/8, ma'ana kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Mai lamba 201 ya fi araha, amma ya fi saurin yin tabon tsatsa, kuma araha ba ta ado. Gwajin maganaɗisu bai isa hujja ba, domin duka biyun ba su cika kama shi ba.

Na biyu, ya buɗe ya duba ciki. Da yawa murfin ne kawai ƙarfe, tankin da ruwan ke kwana a ciki roba ne.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a ƙasarmu, ya zaɓi wanda ruwa ke zama a sarari inda dabba za ta kai bakinta ko an ɗauke wuta. Akwai irin da in injin ya tsaya sai ruwan duka ya koma ƙarƙashin murfi. Wanda ya dogara da irin wannan ya yi tafiya, to ya bar dabba da ƙishi ga ruwa a gabanta. Ko wane iri aka saya, a ajiye kwanon ruwa na biyu a gefe.

Na huɗu, ya zama ana iya kwance shi a wanke ko'ina, kuma ana samun matacinsa a kusa, domin akan sauya shi ne duk mako 2 zuwa 4. Injin da ya yi aiki ba ruwa ƙonewa yake yi.

Na biyar, girmansa ya dace da masu sha. Lita 2 zuwa 3 ta wadaci kyanwoyi biyu, kare kuwa a ware masa nasa babba mai nauyin gindi wanda ba zai kifar ba, a kuma ɓoye wayar wutar inda ba zai tauna ba.

Bayan saye sai kulawa. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, saboda haka a ajiye shi a inuwa. Kwanon da ba na lantarki ba a wanke shi da sabulu kullum a sake ruwa, mai lantarki kuma a kwance shi a wanke aƙalla sau ɗaya a mako, domin yauƙin da ke kama bangonsa tarin ƙwayoyin cuta ne. Ruwan da ya kwana kwanaki a tsakar gida kuma sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Kada a goge shi da soson ƙarfe, yana karce shi.

Sai dai akwai tsari a wajen ciyarwa. Sunna ta koyar da cewa mutum ya fara da kansa, sannan iyalinsa, sannan danginsa. Wanda yaran shagonsa ba su da randa, ko mai gadinsa ke shan ruwa a tsohuwar jarka, ko ya riƙe albashin ɗan aikinsa, bai dace ya sayo wa kyanwa mazubin lantarki don a gani a faɗa ba. Ya saya mata kwanon ƙarfe mai sauƙin kuɗi, ya cika shi safe da yamma, ya sauke nauyi. Wanda kuma Allah ya hore wa, ya ba kowa haƙƙinsa, ya sayi mazubin da niyyar kyautata wa abin da ke ƙarƙashinsa, muna yi masa fatan lada.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, kafin ka kwanta yau ka leƙa inda karenka yake ɗaure, ka duba abin da yake sha a ciki. Ranar da za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo, ba za a ce mai gadi ne ya manta ba.

Allah ya sa mu dace, ya ji ƙanmu kamar yadda ya umurce mu da jin ƙan bayinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.