Filin Kimiyya: Kwamfuta Ta Kulle Kanta, Mabuɗi Yana Hannun Wa?

Ran Jumma'a 19 ga watan Yuli na 2024, da misalin ƙarfe 5 na asuba agogon Nijeriya, wani kamfanin tsaron kwamfuta na ƙasar Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara ta intanet, ashe akwai kuskure a cikinsa. Kafin a janye shi bayan minti 78, ɓarna ta riga ta auku. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci wajen miliyan 8.5 masu aiki da Windows ne suka faɗi, ko wacce in an kunna ta sai ta nuna shuɗin allo ta sake mutuwa. Jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Jamus, likitoci a Ingila suka kasa ganin bayanan majinyatansu, kamfanin jirage na Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana 5.

Maganin abin ba shi da wuya, don kuwa fayil guda ne za a shiga cikin kwamfutar a share. Amma da masu gyara suka zo shiga, sai da yawa suka tarar ƙofa a garƙame, domin faifan ajiyar yana ɗaure da wani kwaɗo da ake kira BitLocker, wanda ba ya buɗuwa sai an ba shi lambobi 48. Wani abin takaici shi ne, a waɗansu ma'aikatu babbar kwamfutar da aka adana lambobin a cikinta ita ma tana cikin waɗanda suka faɗi. Watau an kulle ɗaki, mabuɗi kuma yana ciki.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Wushishi da abin da ya sami Turawa? To, akwai ruwansa. A Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja ne garin Zungeru yake, inda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar, ga ɗalibai kowa da kundin bincikensa cikin kwamfuta. Ga akawun da ke riƙe da lissafin albashi, ga mai shagon buga takardu, can Minna kuma ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Tun da Microsoft ya fito da zubin Windows 11 na watan Oktoba 2024, kwamfutoci masu yawa kan ɗaura wa kansu wannan kwaɗo da zarar an shiga da asusun Microsoft a ranar farko, mai ita ma bai sani ba. Daɗa kuma an daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, saboda haka jama'a sai komawa sabon suke yi.

Shi dai wannan kwaɗo abin kirki ne. Aikinsa shi ne ya rikita duk abin da aka rubuta a faifai, ta yadda in ɓarawo ya sace kwamfuta ya cire faifan ya kai wata, ba zai ga komai ba sai shirme. Mabuɗin warware rubutun yana ajiye ne cikin wani ɗan ƙanƙanin sashe na cikin injin da ake kira TPM, wanda za a iya kwatanta shi da mai gadi. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, mai gadin nan yakan auna yadda ta taso, ya gwada da yadda ya saba gani. In sun yi daidai sai ya miƙa mabuɗi, aiki ya ci gaba. In kuwa ya ga an sauya wani abu, sai ya hana, ya ce a kawo lambobin ceto, domin ba shi da hanyar rarrabe mai gida da ɓarawo.

Abubuwan da kan sa shi zargi sanannu ne. Akwai sabunta BIOS, watau tsarin da ke tayar da injin tun kafin Windows ya farka. Akwai sauya jerin inda kwamfuta za ta tashi daga gare shi, ko kashe tsaron da ake kira Secure Boot, ko sauya babban allon injin, ko ɗauke faifai zuwa wata kwamfutar. Har ila yau akwai wani ɗan batir mai kama da sule a cikin injin, wanda ke riƙe da agogo da saitin BIOS. In ya mutu, kamar yadda kan faru ga kwamfutocin gwanjo, saitin kan koma na asali, mai gadi ya ga baƙuwar fuska. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta Windows ita ma takan lalata fayilolin tashi, ita kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, ko a Wushishin da ke maƙwabtaka da madatsar Zungeru mai ƙarfin megawat 700.

To, in abin ya auku me za a yi? Da farko a bambanta ciwon. In kwamfuta ba ta kawo haske ko kaɗan, wannan maganar caja ce ko batir ko allon injin, ba ruwan kwaɗo. In kuwa ta kawo shuɗin allo tana neman lambobi, sai a kashe ta, a cire duk wani filashi ko faifan waje da ke jikinta, a sake kunnawa, don sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ta ƙi, sai a tuna abin da aka taɓa na ƙarshe. In an shiga BIOS an sauya wani abu, a mai da shi yadda yake, a kuma duba ko kwanan wata da agogo suna daidai.

In duk wannan bai yi ba, sai neman lambobin ceto. Allon yakan nuna wata shaida ta mabuɗin da yake so, sai a kwafe harufa 8 na farkonta, domin mutum guda yana iya mallakar mabuɗai da dama. Daga nan a shiga asusun Microsoft ta waya ko ta wata kwamfutar, a duba sashen na'urori, a ɗauko lambobin da shaidarsu ta dace, rukuni 8 ne ko wanne da lamba 6. In kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, mabuɗin yana wajen jami'in da ke kula da kwamfutocin wurin. Bayan an shiga, abu na farko shi ne a kwashe muhimman takardu zuwa wani faifan, sa'an nan a dakatar da BitLocker a sake tayar da shi, don mai gadi ya karɓi sabon yanayin, kada gobe ya sake tambaya.

Akwai abu guda da ya kamata a guje masa kamar wuta, shi ne gaggawar yin fomatin. Wani mai gyara da ya ga shuɗin allo sai ya ce a wanke a zuba sabon Windows. Lalle kwamfuta za ta tashi, amma kundin ɗalibi da lissafin akawu sun tafi ke nan har abada. Haka kuma duk wanda ya ce zai fasa kwaɗon ba da mabuɗi ba, a riƙe kuɗi tukuna, domin shi kansa Microsoft ya bayyana cewa ba ya iya mai da mabuɗin da ya ɓata.

Wani rami da mutane ke yawan faɗawa shi ne na ranar saye. Mutum ya sayi kwamfuta a Minna ko Kano, ya bar yaron shago ya haɗa masa ita, yaron kuwa ya shiga da asusun kansa don sauri. Daga ran nan mabuɗin ceto yana hannun wanda watakila ba za a ƙara ganinsa ba. Mai sayen ta gwanjo shi ma ya dage a kunna ta a gabansa, a zuba mata sabon Windows da asusunsa, tun bai ajiye komai a ciki ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kwamfutarsa ke lafiya yau ya duba ko tana kulle, in tana kulle ya kwafe lambobin nan 48 a takarda, ya adana inda yake ajiye takardun gona da na makaranta, kada ya sa su cikin jakar kwamfutar, don ɓarawo tare zai ɗauke su. Kafin a kai ta gyara ko a sabunta BIOS, a dakatar da kwaɗon. Shugabannin ofisoshi kuma su ɗauki darasi daga abin da ya faru a 2024, su tabbata akwai kwafin mabuɗai a wurin da faɗuwar kwamfuta ba za ta shafa ba, kuma fiye da mutum guda ya san wurin. Allah Ya kiyashe mu da asara, amin.